Saƙon Godiya Bayan Taron Masu Bishara

A madadin kwamitin shirye-shirye, ina miƙa godiya ga Allah wanda ya ba mu ikon kammala taron ƙarfafa masu bishara da fastocin ƙauyukan gundumarmu, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya duk da yadda damina ta ɓata hanyoyi.

Babanmu Rabaran, mun gode da koyarwar da kuka yi mana daga Yohanna sura 13, inda Yesu ya yi ɗamara da mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa. Kun tuna mana cewa 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka sauka a Legas tare da Rowland Bingham a 1893, sun rasu a shekarar da ta biyo baya ba tare da sun ga amfanin wahalarsu ba, kuma sai a yunƙuri na uku 'yan mishan da Bingham ya aiko suka sami wurin zama a Patigi. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Na ga masu bishara da yawa sun sunkuyar da kai, domin akwai waɗanda suka yi shekaru a ƙauye ɗaya, masu sujadarsu ba su cika benci uku ba.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne wani dattijo da ya zo a kan keke, da Littafi Mai Tsarkinsa a naɗe cikin leda saboda ruwa. Tsohon juyi ne, irin wanda Dokta Miller na Wusasa ya sa hannu a fassararsa aka buga a 1932, bangonsa kuma an ɗinke shi da zare. Da aka ba shi dama ya yi shaida, bai ambaci wa'azinsa ba ko sau ɗaya. Ya ba da labarin daren da ya ari babur ya kai matar maƙwabcinsa Musulmi asibiti tana naƙuda, da yadda yake koya wa yara karatu a gindin mangwaro bayan ya dawo daga gona. Baba, kun koya mana abin da mu da muka yi makarantar tauhidi muke yawan mantawa.

Iyayenmu na zumuntar mata, Allah ya saka muku da alheri. Tun da asuba kuke hura wuta, kuma ranar da ruwa ya jiƙa itace, tuwo da miyar kuka ba su makara ba. Matasa da mawaƙa, mun gode da kuka riƙe sujada da ganga da tulu lokacin da janareta ya ƙi tashi. Muna neman gafarar baƙin da suka kwana a kan benci, kuskuren lissafi ne daga wajenmu.

Ga dattawan ikilisiyoyi kuwa, godiyata tana tafe da roƙo. Yabon da aka yi wa masu bishara a taro ba zai biya kuɗin makarantar 'ya'yansu ba, alhali wasu sun yi watanni ba su karɓi ɗan abin da aka yanka musu ba. Baikon da aka tara ranar rufewa an raba musu shi a gaban kowa, amma bai wuce kuɗin mota ba. Kwamiti zai aiko da wasiƙa ga kowace majalisar dattawa kafin girbi, muna kuma roƙo a karanta ta a gaban jama'a ranar Lahadi.