Lomachenko da sikeli: yadda buri ya kai shi inda jikinsa bai kai ba

Duk wanda yake bin damben boksin ya san Vasiliy Lomachenko ɗan ƙasar Yukren, mutumin da ya yi dambe 397 tun kafin ya shiga damben kuɗi, ya ci 396, sau ɗaya tak aka doke shi, wani ɗan Rasha Albert Selimov a 2007, shi ma daga baya ya rama. Zinare biyu a Olamfik, Beijin 2008 a ajin kilo 57, Landan 2012 a ajin kilo 60. To irin wannan idan ya ce zai shiga damben kuɗi ai kowa cewa zai yi an gama magana, wa zai tare shi?

Amma fa damben Olamfik daban, na kuɗi daban. Can turmi uku ne na minti uku-uku, ka taɓa ka kauce alƙalai su ba ka maki, kuma da safen ranar da za ka yi wasa ake ɗora ka a sikeli. A na kuɗi kuwa turmi 12 ne in ana neman kambu, safar hannun ta fi ƙanƙanta, sannan awo tun ana gobe ake yinsa, wato mutum yana da kwana guda cur ya sha ruwa ya ci abinci ya koma girmansa na ainihi. Mu da muka saba kallon damben gargajiya inda ba a cika damuwa da sikeli ba sai mu ga kamar kilo biyu uku ba komai ba ne, wallahi a wannan harkar komai ne.

Ku duba abin da ya faru a dambensa na biyu kacal, watan Maris 2014 a San Antonio ta Amurka. Ya ce shi kambun duniya yake so yanzu-yanzu, aka haɗa shi da Orlando Salido ɗan Meziko, tsohon hannu wanda ya sha wuya a harkar. Iyakar ajin kilo 57 ne da ɗan ɗoriya, Salido ya hau sikeli ya wuce da kusan kilo ɗaya, aka ƙwace kambun da yake riƙe da shi tun a wurin awo amma shi ko a jikinsa. Daren damben ya shigo da kusan kilo 67, Loma, wato Lomachenko, yana wajen 62. Salido ya dinga jingina masa nauyi, yana rungume shi, yana dukan ciki, da yawa ma ƙasa da cibiya yake kai wa alƙalin wasa yana kallo, shi kuma Loma da bai taɓa zuwa turmi 12 a damben kuɗi ba sai ya riƙa tattalin numfashi, sai a turmin ƙarshe ya buɗe wuta har Salido ya fara tangaɗi amma lokaci ya ƙure. Alƙalai biyu suka ba Salido. Raina ya ɓaci da wannan damben sosai, amma gaskiya ranar ce aka koya masa sana'ar.

Wata uku bayan nan ya doke Gary Russell ya ɗauki kambun duniya na hukumar dambe ta WBO a dambensa na uku.

Ni a ganina inda ya fi kowa shi ne kilo 59. A nan ne manyan 'yan dambe suka riƙa zama a kujera suna cewa sun haƙura, har da Guillermo Rigondeaux ɗan Kuba a Disamba 2017, wanda shi ma zinare biyu gare shi a Olamfik amma ya tsallako aji biyu daga ƙasa, bayan turmi shida ya ce ya isa. Kun ga shi ma sikelin ne ya ci shi tun kafin naushi.

Sai Loma da kansa ya hau kilo 61, kuma a nan ne maganar buri ta shigo. Wasu kam da zarar sun rataya zinare yunwar ta tafi, kamar Audley Harrison na Ingila da ya ci a Sidni 2000, BBC ta ba shi kwantiragin fam miliyan ɗaya tun bai yi komai ba, da aka haɗa shi da David Haye a 2010 da ƙyar ya iya kai hannu aka gama da shi a turmi na uku. Loma ba haka yake ba, shi nasa burin ma yawa ya yi, so yake ya haɗa dukkan kambu huɗu na manyan hukumomin damben duniya a hannunsa, kuma manyan sunaye da kuɗin suna sama. Jorge Linares ya kai shi ƙasa a turmi na shida a 2018, ya tashi ya gama da shi a na goma, amma tun ranar mai ido ya ga cewa waɗannan mutanen sun fi shi ƙashi. Teofimo Lopez ya doke shi a 2020, yaro ne mai jiki da ƙarfin hannu, Loma ya ɓata rabin damben yana jin tsoron shiga. A 2022 ga damar karawa da George Kambosos, ɗan Ostireliya mai riƙe da kambu uku a ajin, ta zo sai yaƙi ya ɓarke a Yukren, ya ajiye komai ya koma gida ya shiga rundunar kare yankinsu, wannan kam ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Da Devin Haney, mai riƙe da duka kambu huɗun, a Mayu 2023 kuwa ni har gobe ina ganin shi ya ci, alƙalai uku duka suka ba Haney, aka nuno shi a ɗakin shiri yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutum mai shekara 35. Ya dawo ya buge Kambosos a Ostireliya a 2024 ya ɗauki kambun hukumar IBF, a 2025 ya ce ya ajiye dambe ba tare da ya haɗa huɗun ba. Da mahaifinsa Anatoly mai horar da shi ya tsayar da shi a kilo 59 ya nemi huɗun a can, ban ga wanda zai hana shi ba a wancan lokacin.