Kwana huɗu ina dukan taiki, jakin yana ƙarƙashin hannuna

Har yanzu idan na tuna da foldar nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Aikin wata uku ne, rubuce-rubuce da muryoyin da na naɗa, kuma ba ɓarawo ne ya ɗauke ba, ba wuta ce ta cinye ba. Ni da hannuna na goge su, wai ina gyaran faifan shafa na laftof, wannan ɗan filin da ke ƙasan madannai da muke ja da yatsa a maimakon linzami.

Ranar da ya tsaya cak ban damu sosai ba. Na sa linzami na waje, kibiya ta motsa, na ce ƙaramin abu ne. Na bi duk abin da kowa ya sani. Na danna Fn tare da maɓallin da ke da hoton faifan, don sau da yawa mutum kan kashe shi bisa kuskure bai sani ba. Na shiga Settings in duba ko a kunne yake, da wurin nan da ake cewa a bar shi yana aiki ko da an haɗa linzami. Na sake kunna kwamfutar ta Restart, tunda Shut down a Windows ba ya kashe komai da komai idan Fast Startup na aiki. Na riƙe maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Shiru kake ji.

Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, ne ya ɓatar da ni, ko in ce ni na ɓatar da kaina da shi. A ƙarƙashin Human Interface Devices na tarar da I2C HID Device ɗauke da alama ruwan ɗorawa, yana cewa Code 10, na'urar ta kasa tashi. Da ganin haka na yanke hukunci: direba ce, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da na'ura. Daga wannan lokaci kaina bai sake karɓar wani zance ba. Na cire direbar, na mayar. Na sauko da ta kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Na sa Intel Serial IO, wadda faifan ke bi ta kanta kafin ya yi magana da Windows. Har na je ina gwada ta Synaptics da ta ELAN, kamfanonin da ke ƙera irin wannan faifai, ba tare da na san wanne ne a cikin tawa ba, alhali galibin laftof na zamani suna amfani da tsarin Precision Touchpad ne, wanda ya fito tare da Windows 8.1 a 2013, kuma direbarsa ke zuwa a cikin Windows ɗin. Na leƙa BIOS, saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, faifan a kunne yake. Abin da ban tsaya na fahimta ba shi ne Code 10 bai ce direba ta lalace ba. Cewa kawai ya yi an kira na'urar ba ta amsa ba. Dalilin rashin amsawar kuma ya rage naka ka nemo.

A dare na uku haushi ya ci ni, na ɗauko filashi na ce sabuwar Windows zan zuba, komai ya koma daidai. Na kwafe Documents, na kwafe hotuna. Desktop fa? Ko kusa bai faɗo mini a rai ba, kuma a nan foldar take, don kullum ina buɗe ta. Na goge ɓangarorin faifan ajiya gaba ɗaya saboda wai ina son aiki mai tsafta. Lokacin zubawar faifan shafa bai motsa ba, na lallashi kaina da cewa haka yake yi a wasu kwamfutoci kafin direbobi su sauka, wanda gaskiya ne. Direbobi suka sauka, na kai yatsa. Ko gezau. Sai kuma idona ya sauka a kan Desktop fayau, babu komai sai kwandon shara. Na daɗe a zaune ban ce uffan ba.

Na gwada manhajojin dawo da abin da aka goge. A tsohon faifan ajiya mai juyawa da akwai ɗan fata, amma tawa SSD ce, kuma akwai abin da ake kira TRIM, wanda ke sanar da ita cewa wuraren da aka goge ba a bukatarsu, sai ta share su da gaske. Ga shi kuma na riga na zuba sabon abu a kai. Garin neman gira na rasa ido.

Washegari ƙanwata ta zo ta aro kwamfutar za ta buga wani abu. Ba ta san direba ba, ba ta san BIOS ba. Ta ajiye ta a kan tebur, ta danna kusurwa ɗaya, ta danna ɗaya, ta ce, "Yaya, wai me ya sa take rawa haka? Kuma dubi nan, kamar ta yi ciki." Na karɓa na ɗaga ta daidai idona ina kallon ta ta gefe. Faifan shafar ya ɗago sama da jikin kwamfutar ta ɓangaren hagu, har farce na iya shiga ƙarƙashinsa. Murfin ƙasa ya buɗe baki kaɗan a wajen haɗin. Na rufe ta, na ga haske na ratsawa ta tsakiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na san da wannan duka. Watanni ke nan dannawa ta yi tauri, sai na sa ƙarfi kafin in ji ƙas, har na daina dannawa na koma taɓawa da kan yatsa. Kibiya takan yi tsalle ita kaɗai, wani lokaci ta ja fayil ta kai wani wuri, na ce gumin hannu ne. Caji ba ya kai awa guda, na ce tsufa ne. Ban taɓa haɗa ukun wuri guda ba.

Na kashe ta, na zare caja, na kwance sukurorin ƙasa ina jera su a kan takarda yadda suke a jikinta, don tsayinsu ba ɗaya ba ne. Da tsohon katin roba na bi gefen murfin, ba da ƙarfe ba. Murfin ma da kansa ya yi tsalle, kamar dama jira yake. Batirin yana kwance daidai ƙarƙashin faifan shafa, kamar yadda yake a laftof da yawa, biyu daga cikin ɗakunansa uku sun kumbura sun yi tim kamar matashin kai. Batirin lithium haka yake yi: ruwan sinadarin da ke cikinsa yana lalacewa ya zama iska, jakar da aka like shi a ciki ta riƙe iskar ta kumbura. Zafi na hanzarta abin, haka ma zama a caji ɗari bisa ɗari kullum. Tawa kuwa shekara huɗu tana maƙale da caja dare da rana, sau da yawa a kan katifa, ƙofofin iskarta a toshe.

Na fara zare wayar batirin daga babban allon lantarki da ke cikin kwamfutar, sannan na kwance shi na ɗaga a hankali ta gefuna. Kada wanda ya matsa irin wannan batiri don ya ga ko zai koma, balle ya huda shi wai iska ta fita. Yana iya kamawa da wuta, kuma hayaƙinsa guba ne. Na sa shi a kan siminti nesa da duk abin da zai iya ci, daga baya na kai inda ake karɓar matattun batura. Ba a jefa shi a shara.

Da batirin ya tashi sai ga sauran labarin. Siririyar wayar faifan, mai faɗi kamar kintinkiri, ta zame daga mazauninta ta karkace, rabin haƙoranta a waje. Turin batirin ne ya janye ta sannu a hankali. Code 10 ɗin ke nan da na kwana uku ina yi wa addu'a da direbobi. Mazaunin yana da ɗan ƙaramin makulli da ake ɗagawa da farce. A nan hannuna ya yi rawa, don idan ya karye an shiga wani sabon aiki. Na ɗaga, na daidaita wayar ta shige har layinta, na mayar da makullin. Na haɗa caja ba batiri, na kunna. Kibiya ta bi yatsana, dannawa ta yi ƙas da sauƙi irin wanda na manta da shi. Duka aikin bai kai minti 20 ba.

Ban yi murna yadda ya kamata ba, don ina ta lissafi. Filashin da na goge kwamfutar da shi, da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, na zuba a kansa na tayar da ita daga nan don gwaji, da ban taɓa ko fayil ɗaya ba. Idan faifan bai yi aiki a can ma ba, da na fara zargin kayan cikin kwamfutar tun a dare na farko. Da na rubuta wa Windows umarnin powercfg /batteryreport, mai fito da rahoton batiri, da na ga yadda ƙarfin batirin ya zube idan aka kwatanta da yadda aka ƙera shi. Kai, da ma ban yi ko ɗaya ba, da na ajiye ta a kan tebur na kalle ta kamar yadda yarinyar nan ta yi.

Na sa sabon batiri, na taƙaita cajinsa a kashi 80 ta manhajar kamfanin. Rubuce-rubucen na sake haɗa kusan rabinsu daga abin da na taɓa aika wa mutane ta imel. Muryoyin kam sun tafi. Ƙanwata kuma ta samu abin tsokana: duk lokacin da na ce wani abu ya lalace a gida, sai ta ce, "Yaya, ka duba direba?"