Godiya ga waɗanda suka taya ni ceto tanderuna

Alhamdulillahi, jiya tanderuna ya koma aiki bayan kwana tara yana jinya. Ga wanda bai ji ba, ina wajen tafiya iska ta yaye tampol ɗin da na lulluɓe shi da shi, ruwa ya kwana biyu yana zuba a kansa, har ta bututun hayaƙi. Da na dawo na zura hannu ciki, toka ta zama taɓo, bulon kuwa sanyi ƙalau.

Godiyata ta farko ga Baba magini. Ya tarar na jibga itace zan cinna wuta gaba ɗaya, wai don ya bushe kafin magariba. Ya ce, "Ɗana, kwashe itacen nan, in ba so kake ka sake biyana kuɗin gini ba." Jan bulo shan ruwa yake kamar soso, kuma ruwan da ya kai digiri 100 ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600. In bai sami hanyar fita a hankali ba, sai ya tsaga ginin ya fita. Kwana biyun farko garwashin gawayi kaɗai muka zuba a tsakiya, ƙofa a buɗe, sannan kirare, kullum ana ɗan ƙarawa. Shi ne ya koya mini ɗora leda a bayan tanderun yana da ɗumi: in ta yi gumi daga ciki, da sauran ruwa. Sai a kwana na bakwai na ɗaga ta a bushe. Ƙasan tanderun ne ya fi ba mu wahala, ashe can ruwa yake maƙalewa.

Na gode wa ƙanena da ya riƙa zaman gadin wuta, ga hayaƙi yana cin ido. Maƙwabta, kun sha hayaƙin nan kwana da kwanaki ba wanda ya ɗaga mini murya, Allah Ya bar zumunci. Uwargida ma na gode, duk da "ai na faɗa maka ka yi masa rumfa" da na ji ya fi sau goma.

Jiya da muka ba shi cikakkiyar wuta, kunkunniyar saman ta ƙone, bulon ya washe fes. Tsaga ɗaya ce siririya kusa da baki, Baba ya ce ba ta da illa. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Kafinta zai zo ranar Asabar a kafa rumfar kwano.