Alƙali ya ɓata min Laraba

Ba wuta tun asuba. Maman Abba ta ce yau sai an fito da duk abin da ke ƙarƙashin gado saboda gara, don haka hantsi ya same ni a tsakar gida ina shanya takardun akwatin ƙarfen nan. Ta cinye bangon Uwar Gulma, ta lasa gefen Jatau Na Kyallu, littattafan wasan kwaikwayo bugun kamfanin ɗab'i na NNPC Zariya da na saya tun ina ɗalibi. Waɗannan da sauƙi, in aka zaga wajen masu tsofaffin littattafai a kan dace. Namu na makaranta su ne ba su da na biyu, waɗanda aka buga da tafireta a kan sitensil aka murza a ofis, tawadar duk ta koɗe, ƙusar da ta riƙe su ta yi tsatsa ta ɓata kusurwa.

Ina cikin haka sai ga Alƙali, abokina da ya fito a alƙali a wasanmu na makaranta. Ko zama bai yi ba ya hau tono, har ya ci karo da wasan dillaliya da muka yi ranar rabon kyaututtuka a 1986. Sunana a sama da jan biro, an ja layi ƙarƙashin duk inda aka rubuta DILLALIYA. Makarantar maza ce, dole wani ya ɗaura zane, ni kuma lokacin muryata ba ta buɗe ba.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Ka tuna maganar nan da na raɗa maka a bayan labule?"

"Wace magana?"

"Da na tambaye ka ko ɗankunnen na zinare ne, ka ce, Allah gafarta Malam, ranar da na sayar mata dai na zinare ne."

Na ce, "Haba Alƙali, ji tsoron Allah! A kan dandamali ta zo min. Kai da ka kasa riƙe dariya har rawaninka ya warware?"

Ya ce shi fa ya san abin da ya sani. Muka buɗe shafin don takarda ta raba mu. Abin da ke wurin kawai: "Dillaliya: Ni ban sani ba." A ƙasa kuma cikin baka, su yi ta musu. Shi ke nan.

Haka ake yi a lokacin. Malamin Hausa ƙashin labari yake ba mu, sauran kowa ya cika da bakinsa. Samanja da Kasimu Yero muke gani a talabijin, kowannenmu so yake ya jefa tasa ɗaki ya ɗauka. To ga shi na yi shekaru ina tattalin akwatin nan, ina hana yara taɓawa, ashe maganar da ta sa har shugaban makaranta ya cire tabarau yana share hawaye ba ta ciki.

Kuma wa zai raba gardamar? Wanda ya fito a mai ƙara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mai riƙe takarda a bayan labule yana mana tuni, rabon da a ji ɗuriyarsa tun bayan bautar ƙasa. Kasimu Yero ya tafi a 2017, Samanja a 2023, amma su ko yanzu ka shiga YouTube za ka tsinci wani abu nasu. Mu ba kyamara, ba kaset. Saura ni da Alƙali, mu ma bakinmu bai zo ɗaya ba. Abin ya tsaya min a rai har la'asar, ko shinkafa da waken kirki ban ci ba. Shi kuwa ya share kwano, har da neman ƙarin yaji.

Da zai tafi wai in ara masa. Na ce a'a, sai dai Abba ya kai a yi masa fotokwafi.

Abban ne ma ya jawo min. Ashe yana gefe yana ji, ya ɗauki shafin a waya ya tura gurup ɗin gida, wai Baba ya taɓa ɗaura ɗankwali. Bayan isha'i sai ga saƙon murya daga Yaya. Ta ce yau ta gane inda atamfarta mai ganye ta shiga, wadda aka yi ta zargin 'yar aikin maƙwabta a kanta. Ta ce turmi guda take bi na, kuma Holan take so.