Karambit Mai Naɗewa: Ta Aljihu Ce, Ba Ta Filin Atisaye Ba

Lokacin da nake karatu a Kuala Lumpur na shiga ajin silat, wasan kare kai na mutanen Maleshiya da Indunusiya wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2019. A nan na fara riƙe karambit, ko kerambit a bakin mutanen can. Gajeriyar wuƙa ce mai lanƙwasa kamar ɗan ƙaramin lauje, da zobe a ƙarshen ƙota inda ake zura yatsa. Asalinta ana danganta shi da mutanen Minangkabau na yammacin Sumatra, waɗanda ke cewa daga farcen damisa aka ɗauko siffarta. Ta gargajiya ba ta naɗewa, kube gare ta. Mai naɗewar aikin kamfanonin zamani ne irin su Emerson na Amurka da Fox na garin Maniago a Italiya.

Ni mai naɗewar ce ta ɗauki hankalina, saboda wani ɗan ƙugiya da Ernest Emerson ya ƙirƙira a bayan ruwan wuƙar. Kana zaro ta daga aljihu, ƙugiyar ta kama bakin aljihun, wuƙa ta buɗe da kanta. Abin burgewa ne, ba ƙarya. Na sayi ta atisaye, wadda ba kaifi ba tsini, na kai wa malaminmu. Ya jujjuya ta, ya buɗe ya rufe, ya ce in je in koyi zarowa da ita ni kaɗai, amma ban da fuskantar abokin atisaye.

Sai da hannuna ya saba na gane dalilinsa. A riƙon da aka fi yi, manuniya na cikin zobe, ruwan wuƙa ya fito ta ƙasan dunƙulen hannu, sauran yatsu kuma sun kwanta daidai kan ramin da ruwan ke komawa idan an naɗe. Abin da ke tsakanin yatsunka da wannan ruwa wani siririn ƙarfe ne da ke tokare shi daga ciki. In ka ja da kaifi, lafiya lau, ƙarfin buɗe ta yake ƙara yi. Amma silat ba ja kaɗai ba ne. Ana tare hannu da bayan wuƙa, ana maƙalo gwiwar hannu a murɗa, kuma murɗawar nan tare da matse ƙota tana iya ture ɗan ƙarfen gefe. Na ga ta wani ɗan ajinmu ta rufe masa a kan yatsu. Dakusasshiya ce, ya tsira da kumburi.

Zoben ma da nasa sharrin. Amfaninsa shi ne wuƙa ba ta suɓucewa ko hannu ya jiƙe da gumi, wanda a zafin Maleshiya kullum ne. To amma abin da ya hana ta faɗuwa shi ke hana ka sakinta. Abokin atisaye ya kama ƙotar ya murɗa, yatsanka ne zai biya. Shi ya sa muke cire zoben azurfa da agogo kafin a fara, kuma wanda zoben wuƙarsa ya matse masa yatsa a ce ya canza wata. Wulwula ta a yatsa da yara ke yi a bidiyo kuwa, tsinin yana wucewa dab da jijiyoyin wuyan hannu ne.

Da abokin atisaye, ta roba ko ta katako muke amfani da ita, wadda ba ta da gaɓa ko ɗaya. A shafa alli a bakinta, a sa tabarau na kariya, bayan an gama kowa ya duba rigarsa. Ba wanda ke fita ba zane, har wanda ake cewa ya yi nasara.

Mai naɗewar tana cin aljihun wando, kuma notinta na kwancewa da yawan buɗewa, sai an riƙa ɗaurewa. Wajen aikin yau da kullum tana yanka igiya da kwali da kyau, amma ba ta yanka albasa a kan faranti, kuma dutsen washi mai faɗi ba ya shiga cikin lanƙwasarta, sai zagayayyen sandan washi. Sannan ga doka. A Ingila, doka ta yarda a yi yawo da wuƙa mai naɗewa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba ne kawai idan ruwanta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa, ita kuwa karambit mai naɗewa kullewa take yi. Mai niyyar tafiya da ita wata ƙasa ya fara tambayar dokar wurin kafin ya jefa ta a jaka.