Jadawalin da na manna a bango

Yau ina kwashe tarkacen ɗaki na ci karo da wata takarda tun ta 2020, lokacin da aka kulle Jihar Kaduna saboda korona. Jadawali ne, da biro ja: bayan Asuba karatu, hantsi rubutun digiri, La'asar motsa jiki. Sai da na yi dariya ni kaɗai.

An rufe jami'a a Samarun Zariya, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a kai, na ce to ga lokaci ya samu. Kwana huɗu na bi jadawalin nan. Daga nan sai waya a hannu har biyun dare, ina bin adadin waɗanda suka kamu, da safe kai kamar an ɗora mini dutse. Azumi kuma ya shigo cikin zafin Afrilu, wuta sai ta ga dama.

Wata rana Inna ta leƙo ta same ni na zuba wa kwamfuta ido, ko layi ɗaya babu. Ta ce, "Kai, rufe abin nan, zo ka tsince mini wake."

Ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida muka zauna a tabarma, tana ba ni labarin Tudun Wada ta da. Barci ya sace ni a nan, da tiren a cinya. Ba ta tashe ni ba sai da aka kira Azahar.