Hilal da Merrikh a gudun hijira

Wallahi duk wanda ya taɓa zama a Omdurman ta ƙasar Sudan ya san ranar da manyan kulob ɗin ƙwallon ƙafa biyu na garin, Al Hilal da Al Merrikh, za su kara gari tsayawa yake cak. Lokacin da nake karatu a Khartoum ina da aboki Bahaushen Sudan, ɗan Merrikh ne na gidi, in aka ci su ko sallamata baya amsawa sai an kwana biyu.

To ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF ana tsakiyar kakar wasanni, lig ɗin ya tsaya a nan, ƴan wasa kowa yayi ta kansa, filayen da muke cika mu yi ta ihu suka koma kufai. Abin da yafi ɗaure min kai shine yadda manyan kulob biyun nan suka tattara suka tafi har Muritaniya suka shiga lig ɗin ƙasar na 2024/25, kuma Hilal ɗin ce ta ƙare a saman tebur, baƙo fa a gidan mutane! A haka ta kai kwata fainal na Champions League na Afirka kafin Al Ahly ta Masar ta fitar da ita.

Ƙungiyar ƙasar Sudan ma a Libiya ta riƙa karɓar baƙi, amma kocinsu Kwesi Appiah ya kai su gasar cin kofin Afirka ta AFCON 2025, Ghana ƙasarsa ta zauna a gida. Ni dai ƙananan kulob nafi tausayawa, su babu mai ɗaukar nauyinsu zuwa ko'ina, yaran da ƙwallo ce abincinsu haka suka watse. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.